Gishirin da na zuba wa fangalin Goggo

Har yau idan na ɗebi gishiri zan zuba a miya sai fangalin nan ya faɗo mini a rai. Goggo ta daɗe da yafewa, ni ce abin ya ƙi saki. Da wata ce ta yi, wadda ba ta san kan ƙasa ba, sai a ce rashin sani ne a wuce wurin. Ni kuwa karatun ƙasar noma ne ya kai ni Ingila. Shi nake yi safe da yamma, a kansa ake biya mini kuɗin makaranta, a kansa 'yan gidanmu suke yi mini kirari. Ni ɗin ce na ɗauki kilo guda na gishiri na narkar a bokiti, na juye wa ƙasar da wata baiwar Allah ta yi shekara goma sha ɗaya tana tattali.

Goggo Baturiya ce, ta haura sittin, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. A gidanta da ke garin Reading na kama ɗaki. Ni na laƙa mata Goggo, ta tambayi ma'anarsa, na gaya mata, ta ce ta karɓa. Sai da na yi wata biyu a gidan na gane addininta Wikka ne. Sunan da suke kiran kansu da shi, in ka duba ƙamus zai ce maka mayya, kuma ranar da na fara jin ta faɗe shi ban yi barcin kirki ba. Daga baya na ga babu ruwansu da kama kurwa. Ƙaramin addini ne, kuma ba daɗaɗɗe ba. Wani tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka da ya yi aiki a Malaya, Gerald Gardner, shi ya fito da shi fili a 1954, shekara uku bayan an soke dokar 1735 mai hukunta duk wanda ya yi iƙirarin sihiri. Goggo dai ba ta cika son a yi ta ambaton Gardner ba. Ta kan ce shi ya yi suna, amma mafi daɗin kalmomin da suke karantawa wata mata ce ta tsara su, Doreen Valiente. A ƙidayar 2021 kimanin mutum 13,000 ne a Ingila da Wales suka rubuta Wikka a matsayin addininsu.

Na san akwai mai cewa, ke me ya kai ki? Azumi ne ya kai ni. A 2018 watan Ramadan ya faɗo daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, muna kai azumi sama da awa 18. Matar nan da ba ta azumi, ita ce take jira na har ƙarfe tara da 'yan mintoci na dare da miya a kan wuta, ta ƙi cin nata abincin sai na sha ruwa. Aka yi Sallah ranar Juma'a 15 ga Yuni. Kwana shida bayan nan, Alhamis 21 ga wata, ita ce ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, ɗaya daga cikin bukukuwansu takwas. Gwiwarta ta kumbura a makon, ba ta iya ɗaukar kaya. Da ta ce in taimaka mata da shirya bayan gida, ban ga bakin da zan ce a'a da shi ba. Na dai gaya mata iyakata tun da wuri: zan ɗauki kaya, zan jera, zan kwashe, amma ba zan shiga da'irarsu ba, kuma ba zan kira kowa ba, Allah ɗaya nake kira. Ta ce, "'Yata, hannuwanki nake nema, ba imaninki ba."

A Kano wannan rana tana zuwa ta wuce ba wanda ya lura, don ko ranar da ta fi tsawo ba ta cika awa 13 ba. A kudancin Ingila kuwa hasken yini yakan haura awa 16 da rabi. Wanda ya yi hunturun da ake magariba kafin ƙarfe huɗu na yamma ba zai yi mamakin mutanen da suka mai da ranar biki ba. Wasu suna kiran bikin Litha, sunan da aka tsinto daga rubutun wani malamin coci na ƙarni na takwas mai suna Bede. Goggo ba ta amfani da shi, ta ce sabon yayi ne daga Amurka, ita tsakiyar bazara ta sani. Biyu daga cikin baƙinta ma tun daren Laraba suka tafi Stonehenge, wurin wasu manyan duwatsu da mutanen da can suka kafa a da'ira, suka kwana a tsaye cikin dubban mutane don su ga fitowar rana wajen ƙarfe 4:52, suka dawo idanu jajur.

Aikina shi ne abubuwa huɗu, kowanne da kusurwarsa: iska a gabas, wuta a kudu, ruwa a yamma, ƙasa a arewa. Na biyar ɗin da suke kira ruhi ba a ajiye masa komai, su da ke tsaye a tsakiya su ne shi. Na fito da wayata na buɗe abin da nake duba alƙibla da shi, na fitar mata da kusurwoyin daidai. Nan na yi ɗan burga, don wani dattijo a cikinsu ya dage cewa inda rana ta fito da safe nan ne gabas, na nuna masa a wannan rana can arewa maso gabas take ɓullowa, ta kauce sosai. Goggo ta tafa mini. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Iska ba ta ba ni wahala ba. Turare suke ƙonawa a madadinta, ni kuwa ina da kaskona da gawayi da turaren wuta na Maiduguri da Hajiyarmu ta cusa mini a jaka, wanda tun ranar da ya tayar da ƙararrawar gobara a ɗakina ban sake kunna shi ba. A waje babu ƙararrawa. Na ba su aro, suka yi ta shaƙa suna lumshe ido. Wuta ita ce duk muka ji tsoro, don an yi makonni ba a ga ruwan sama na kirki ba, ciyawa ta zama ruwan toka. A cikin tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku aka hura ta, a kan bulo, na ajiye bokitin ruwa mai lita biyar a gefe. Tsoron kuwa da dalili, don kwana uku bayan nan gobarar dajin Saddleworth ta tashi kusa da Manchester. Ruwa kofi ne kawai na azurfa da aka cika. Duk hankalina yana kan wuta. Ban taɓa kawo wa raina cewa ta arewa ɓarnar za ta zo ba.

A arewa suna ajiye faranti mai zanen tauraro mai tsini biyar, a kansa kuma gishiri, shi ne yake tsayawa a matsayin ƙasa. Goggo ta ce in zuba kaɗan a ɗan kwano. Na duba kicin, na gidan ya kusa ƙarewa, na je kanti na sayo leda mai kilo ɗaya. To ni a gidan da na tashi ba a ajiye wa baƙi abu a gindin kwano. Na samo wani akushi na katako na juye ledar gaba ɗaya, har da tozo. Goggo ta kalla ta yi dariya, ta ce wannan zai ishe su har ranar da za a binne ta. Da aka fara, daga inda nake zaune a bakin ƙofar kicin na ga yadda ake yi: ta sa tsinin wuƙarta mai baƙar ƙota ta ɗebi gishirin sau uku, ɗan mitsitsi, ta zuba a kofin ruwa, aka zaga ana yayyafawa. Shi ke nan amfaninsa. Ko cokali ɗaya bai cika ba.

Sauran bikin ba ni da abin cewa da yawa. Su bakwai ne, da furanni rawaya a ka. Suka zaga da'irar ta hannun dama yadda rana take tafiya, suka tsaya a kowace kusurwa suna magana, suka yi waƙa. Na ji Goggo tana cewa yau ce ranar da haske ya kai maƙura, kuma daga yau ne zai fara raguwa. Rana ba ta faɗi ba sai bayan tara da minti ashirin. Na shiga na yi magariba, na fito na tarar suna raba burodi da ruwan tuffa. A wajen zagayen ne wani ya yi tuntuɓe ya tuntsurar da kofin ruwa cikin akushin gishirin, ya jiƙe ya dunƙule.

Wajen sha ɗaya baƙi suka watse. Goggo tana dafa bango za ta hau sama ta ce da ni, "Tokar ki bar ta sai da safe. Abin da ya rage kuma ki mayar wa ƙasa." Al'adarsu ce, ɓurɓushin burodi da ragowar abin sha da furanni akan zuba su a gindin shuka. Abin da take nufi ke nan. Ni kuma na tsaya da akushin jiƙaƙƙen gishiri a hannu ɗaya, bokitin ruwan da ba a taɓa ba a ɗaya hannun, ga fangalinta na sitiroberi can yana jin ƙishi. Na juye gishirin a bokiti, na sa itace na gauraya har ya narke, wai don kada ya taru wuri guda. Na bi fangalin layi-layi na shayar da shi. Har ina jin daɗi a raina cewa ban yi asarar ruwa ba a wannan fari.

Na sha juya wannan minti biyar ɗin a kaina. Gajiya ce? Akwai ta, amma ba ita ba ce. Tun safe ake kiran abin nan ƙasa. Kawo ƙasa, ajiye ƙasa a arewa, ƙasa ta jiƙe. Da aka ce in mayar wa ƙasa, sai na ji kamar abu ne zai koma gidansu. Ni da na zauna a bakin ƙofa ina yi musu kallon masu ɗaukar alama su mai da ita gaskiya, ashe a cikinmu duka ni kaɗai sunan ya ruɗa. Su sun san gishiri ne, shi ya sa suke ɗibarsa da tsinin wuƙa.

Kilo ɗaya a lita biyar, giram 200 ke nan a kowace lita. Ruwan teku giram 35 ne. Wato abin da na shayar da fangali mai faɗin murabba'in mita biyu ya kusa ninka ruwan teku sau shida. Wannan lissafi ɗalibin shekarar farko zai yi shi a tsaye. Ni sai da safe na yi shi, bayan na leƙo ta taga na hangi Goggo durƙushe a kan gwiwar nan mai ciwo tana tsintar wani abu tana sawa a tafin hannu.

Tana ce, tsutsar nan ta cikin ƙasa. Sun fito saman ƙasa cikin dare suna gudun gishiri, suka mutu a nan, sun yamushe kamar zare. Ƙasan bayan gidan nan laka ce mai danƙo, wadda in ta bushe sai ta tsage, in ta jiƙe ta kama takalmi. Shekara goma sha ɗaya Goggo tana tara ɓawon dankali da ganyen shayi da busasshen ganye tana ruɓarwa tana zubawa, har fangalin ya zama baƙar ƙasa mai laushi da ake tona ta da yatsa. Tanar nan su ne shaidar aikinta. Ban jira ta tambaya ba, na faɗa mata abin da na yi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, "Ruwan gishirin a rariyar kicin nake zubar da shi, kullum. Ban gaya miki ba don na ɗauka ke ce za ki gaya mini." Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai ƙasar ma na riga na ɓata ta.

Kafin la'asar ganyen ya langaɓe, alhali ƙasar a jiƙe take sharkaf. Haka gishiri yake kisa. Saiwa tana jan ruwa ne saboda ruwan cikinta ya fi na waje kauri, to idan na waje ya fi, sai abin ya juya, ƙasa ta riƙa tsotse shukar. Tana tsaye cikin ruwa ƙishi yana kashe ta. Sitiroberi kuwa, wanda mutanen Jos suka san shi sarai, yana sahun gaba a shuke-shuken da ba sa jure gishiri ko kaɗan, shi da wake. A kwana uku gefen ganyen ya ƙone ya yi ja, 'ya'yan da suka nuna suka motse.

Sannan na ƙara ta biyu, garin neman gira. Littafi ya ce maganin gishiri a wanke shi da ruwa mai yawa ya gangara ƙasa da inda saiwa take. Na jawo tiyo na sakar wa fangalin ruwa kusan awa guda. Abin da na manta, littafin ya ce sai in ruwan yana da hanyar wucewa. A ƙarƙashi laka ce, ba ta shanyewa. Ruwan ya cika ya malala gefe, ya bi gangare ya shiga layin koren wakenta da ke hawa kan sanduna, wanda bai ji ba bai gani ba. Mako guda, shi ma ya bi sahu. Ga gidan da mitar ruwa, kowace lita da kuɗinta.

Na ɗebi ƙasar a leda na kai ɗakin gwajinmu, na lallaɓa na auna lokacin da na ɗauka ba kowa. Ƙa'idar da muke koya ita ce idan awon ya kai 4 a ma'aunin da muke amfani da shi, an shiga sahun ƙasa mai gishiri. Tawa ta wuce nan nesa ba kusa ba. Wani malaminmu ya leƙo ta bayana ya ga lambar, ya tambaye ni daga wane bakin teku na samo samfurin. Na ce masa wani ɗan gwaji ne nake yi a gida. Ya ce madalla da ɗaliba mai himma. Ban gyara masa ba.

Ruwan sama ne zai iya taimakawa, shi kuma ya ƙi zuwa. Bazarar 2018 tana cikin mafi zafi da aka taɓa rubutawa a Ingila, kuma a wajenmu sai ƙarshen Yuli aka samu ruwa mai ma'ana. Kullum rana tana busar da saman fangalin, gishirin yana hawowa yana yin fari-fari a kai kamar kanwa. Ba yadda za a yi sai kwashewa. Na haƙe zurfin kamu ɗaya da rabi, fangalin duka da layin waken. Gidan irin na jere ne, manne da na maƙwabta, ba shi da ƙofar baya, saboda haka kowane buhu sai na ratsa da shi ta kicin da falo kafin in kai mota. Buhu talatin da wani abu. Asabar uku na yi ina wannan jigila, wani daga cikin baƙin nan, dattijon da na ƙure a kan gabas, shi ya riƙa zuwa da motarsa yana kai mu jujin hukuma, bai taɓa ce mini uffan a kan maganar ba. Na barbaɗa jibsam a gindin ramin, don sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana ture sodiyam ɗin da ya maƙale a laka, in ba haka ba lakar ta toshe ta daina shan ruwa. Sannan na sayo sabuwar ƙasa da taki da dashe. Abin ya ci mini sama da fam ɗari da hamsin, kuɗin da na ware don tsarabar gida. Goggo ta ce a raba biyu, na ƙi. Sai ta rage mini kuɗin haya na wata biyu ba tare da ta yi shawara da ni ba.

Ƙasar kanti ba ta zama waccan ba. Baƙa ce, tana da kyan gani, amma in ka tona babu mai motsi a ciki. Wannan ne abin da kuɗina ya kasa saya, kuma shi ya fi ci mini rai.

In an taɓa sa ki irin wannan aiki, ko da a matsayin mai ɗauko wa da kai wa irina, ki tambayi inda kowane abu zai tafi bayan an tashi, ɗaya bayan ɗaya, tun mai gidan ba ta hau sama ba. Kowa yana tsara yadda za a jera, ba mai tsara yadda za a kwashe, kuma mai kwashewa ita ce wadda ta fi kowa gajiya. Wuta tana da masu tsaronta, don kowa yana ganinta. Gishiri kuwa cokali ɗaya ya wadatar, kuma wasu daga cikinsu ma da shi suke zana da'irar a kan ciyawa, abin da Goggo take kira rashin hankali, don bayan sati biyu za ka ga zoben ciyawa matacciya. Tun daga lokacin ni ma na zama mai tsegumi a kan abin da ake watsa wa shuka. Da na je hutu gida na ga ƙanwata za ta juye ruwan da aka jiƙa kanwa a gindin zogalen tsakar gida, na daka mata tsawar da sai da Hajiya ta fito daga ɗaki tana tambaya ko wuta ce ta kama.

A watan Oktoba, ina cire ciyawa, na tono tana guda ɗaya. Na kira Goggo da ƙarfi kamar na tsinci zinariya. Ta sauko a hankali, ta duba, ta ce daga fangalin maƙwabci ta yi hijira, in mayar da ita in rufe kada tsuntsu ya gani.

Da shekara ta zagayo, 21 ga Yunin 2019, gwiwar ta warke, ba ta bukatar mai ɗaukar kaya, amma ta ce in fito da kaskona. A arewa, kan farantin nan mai tauraro, wani dutse ne a ajiye, mai girman dunƙulen hannu, ɗaya daga cikin waɗanda na tono a ramin bara. Da aka zo wajen haɗa ruwan yayyafi, dattijon nan ya waiwaya yana neman gishiri. Goggo ta sa hannu a aljihun rigarta ta fito da wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba, ta ɗiba sau uku, ta rufe, ta kalle ni a bakin ƙofar kicin, ta mayar da ita aljihu.